Kalmomi Goma Sha Biyu da Dukiyar Kirifto

A daminar bana ɗan ƙanwata, ɗalibin jami'a, ya zo mini hankali tashe. Wayarsa ta faɗa ruwa, kuma a cikinta lalitar kirifto take, wadda ya zuba wa ribar ɗinkin hularsa ta shekara guda. Na tambaye shi ina kalmomi goma sha biyun da manhajar ta ba shi ranar da ya buɗe ta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, hotonsu na ɗauka, yana cikin wayar."

Sayen kirifto ba shi da wuya a yau. A Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya janye takunkumin da ya sanya wa bankuna a Fabrairun 2021, kuma ba sai mutum ya mallaki Bitcoin sukutum ba, domin kowane guda yana rabuwa gida miliyan 100. Wahalar tana wajen ajiya.

Mai saye na iya barin kuɗinsa a dandalin da ya saya, kamar mai ba ɗan kasuwa ajiya. Akwai sauƙi, amma idan rumfa ta ƙone, da ajiyar take ƙonewa. A 2014 dandalin Mt. Gox na Japan ya durƙushe bayan ɓatan Bitcoin kusan 850,000, a Nuwambar 2022 kuma FTX ya bi sahu.

Wanda ya kwashe nasa zuwa lalitar kansa ya tsira daga wannan, sai dai ya zama shi ne banki, shi ne maigadi. Kuɗin ba a cikin wayar suke ba. Suna rubuce a kundin da dubban kwamfutoci ke riƙe da shi, kalmomin nan kuwa su ne mabuɗi. Duk wanda ya gan su ya mallaki dukiyar, wanda ya ɓatar da su kuma babu manajan da zai kai wa kuka. James Howells na Birtaniya ya kwashe shekaru yana neman izinin tone juji, inda a 2013 aka jefar da ma'ajiyar kwamfutarsa mai mabuɗin dubban Bitcoin.

A ganina takarda da biro sun fi kowace na'ura aminci a nan. A rubuta kalmomin bi da bi, kwafi biyu, a ajiye a wurare daban. Duk wanda ya nemi a tura masa su, ko da sunan taimako, ɓarawo ne. Abin da ya fi damuna kuma shi ne gado: idan mai lalita ya rasu ba wanda ya san inda takardar take, haƙƙin magada ya salwanta, alƙali ma ba shi da yadda zai yi.

Ɗan ƙanwata ya yi sa'a, mai gyara ya tayar da wayar bayan kwana uku. Amma da yake ta kwana a hannun wani da hoton a ciki, ban bar shi ya tashi ba sai da ya buɗe sabuwar lalita, ya fara tura kaɗan don gwaji, sannan ya kwashe sauran.