Abin da Mai Bincike Ya Riga Ya Yarda da Shi Kafin Ya Buɗe Littafi

A shekarar 1967 littattafai biyu suka fito a Ingila a kan tarihin daular da aka kafa a Sakkwato. Ɗaya na H.A.S. Johnston ne, tsohon jami'in mulkin mallaka da ya daɗe yana aiki a Arewa, kuma ya kira ta Daular Fulani. Ɗayan na Murray Last ne, wanda ya zauna a garin Sakkwato yana karatu a gaban Waziri Junaidu, shi kuma ya kira ta Halifancin Sakkwato. Ba su yi saɓani a kan hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804 ba, ko yaƙin Tafkin Kwatto, ko faɗuwar Alkalawa a 1808. Saɓanin ya riga waɗannan duka. Wanda ya ce daular Fulani ya ɗauka cewa ƙabila ce ke tuƙa tarihi, don haka tambayarsa ita ce yadda wata ƙabila ta hau kan wata. Wanda ya ce halifanci ya ɗauka cewa abin da mutane suka rubuta a kan manufarsu hujja ne da ya cancanci a saurara, don haka sai ya tambayi irin tsarin da malaman suka so kafawa da kuma iya inda suka kai.

Irin wannan ɗaukar da ake yi tun kafin a fara aiki ita masana ke kira tushen falsafa na bincike. Duk mai bincike, likita ne ko masanin tattalin arziki ko malamin tarihi, ya riga ya amsa wasu tambayoyi a zuciyarsa, ko ya sani ko bai sani ba: mene ne ainihin abin da nake dubawa, ta wace hanya ake sanin gaskiyarsa, maganar wa za a karɓa a matsayin shaida, kuma don amfanin wa ake wahalar. Amsoshin ba su fitowa daga binciken. Su ne ke faɗa wa binciken inda zai duba.

Turawan da suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903 sun zo da nasu amsoshin a shirye. A lokacin akwai wani ra'i mai ƙarfi a Turai da ke cewa duk wani abin wayewa da aka gani a ƙasar baƙar fata, to wasu masu hasken fata ne suka kawo shi daga arewa ko gabas. C.G. Seligman ya tattara wannan ra'i a littafinsa na 1930 kan jinsunan Afirka, kuma ana jin ƙamshinsa a rubuce-rubucen H.R. Palmer. Da wannan ido aka karanta jihadi, sai aka ga jinsi mai basirar mulki ya mamaye jinsin manoma. Abin lura shi ne ba rashin littattafai ya jawo haka ba. Tun 1922 E.J. Arnett ya fitar da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello cikin Turanci, amma sunan da ya sa wa aikin yana magana ne a kan ɗaukakar Fulanin Sakkwato. Littafin malami a kan da'awa da hujjojinta ya koma labarin ƙabila tun daga bangonsa. Ra'in kuwa ya yi wa mulkin mallaka daidai, domin idan dama baƙi ne ke mulki, sabon baƙo bai ƙwace wa kowa komai ba.

Wanda ya fara girgiza wannan gini a jami'a shi ne H.F.C. Smith, wanda ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. A wata maƙala ta 1961 ya nuna cewa juyin da malamai suka yi a Afirka ta Yamma a ƙarni na 19 babban al'amari ne na ilimi da tunani wanda masana suka yi sakaci da shi. Daga nan aka shiga tattara rubuce-rubucen Larabci, aka kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, aka yi taron ƙara wa juna sani a Sakkwato a 1975 wanda Yusufu Bala Usman ya shirya takardunsa suka fito a 1979. Bala Usman kuma ya ƙara matsa lamba: a bincikensa na Katsina ya ƙi yarda a ɗauki Fulani da Haɓe a matsayin rukunai biyu daskararru da za su bayyana komai, ya ce a duba sana'a da ƙasa da birni da ƙauye da hulɗar mai mulki da talaka. Masu bin Markisanci nasu karatun daban, su rikicin masu shi da marasa shi suka gani.

Kada mai karatu ya zaci da wannan an gama, wai an tuɓe son zuciya an sa gaskiya tsantsa. Sabuwar hanyar ma da nata ɗaukar. Mafi yawan abin da muka sani a kan Gobir ta zamanin Sarki Yunfa mun same shi ne daga alƙaluman waɗanda suka yaƙe shi. Littafin Last kansa ya ba ofishin Waziri fili mai yawa, kuma ba mamaki, tunda daga ɗakin karatun gidan Waziri aka leƙa daular. Wanda ya ɗauki rubutacciyar takarda kaɗai a matsayin shaida ya zaɓi ya ji muryar masu rubutu, ya bar bawa a rinji da makiyayi a daji da mai jima a bakin rijiya ba su ce komai ba. Mata ma sai da Jean Boyd ta shafe shekaru tana bin waƙoƙin Nana Asma'u da tsarin 'Yan Taru, har littafinta ya fito a 1989, kafin jami'o'in duniya su farga cewa akwai makarantar mata mai tsari a daular. Waƙoƙin suna nan a gidajen Sakkwato tun tuni, tsofaffi mata suna rera su. Masu bincike ne ba su ɗauke su a bakin tarihi ba.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga malaman zaure. Wanda ya karanta usulul fiƙhi ya san cewa kafin a yi gardama a kan hukunci sai an daidaita a kan abin da ake kira dalili, kuma ilimin hadisi kacokan amsa ce ga tambayar maganar wa za a karɓa. Shi ya sa Abdullahin Gwandu ya keɓe littafi, Ida'un Nusuki, yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu: yana nuna wa mai karatu inda iliminsa ya fito. Wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno suka yi musaya, waɗanda Bello ya kawo a Infaƙu har da hujjojin abokin gardamarsa, misali ne mai kyau. Dukansu Malikawa ne, littattafansu ɗaya, amma sun rabu a kan iyakar da ke tsakanin saɓo da kafirci, kuma daga wannan tushen duk sauran hukuncin ya biyo baya. Akwai kuma jikan Shehu Usmanu, Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya yi rubutu a kan falsafa da tarihin ƙasar Hausa kafin jihadi. Abin kunya ne ɗalibin falsafa ya gama digiri a Arewa bai taɓa jin sunansa ba.

Wani zai ce ai wannan matsalar masu tarihi ce, kimiyya ba ruwanta. Gona ta ƙaryata shi. Shekaru da dama malaman gona sun ɗauka cewa shuka iri ɗaya a jere shi ne ci gaba, haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya kuwa jahilci ne. Sai da David Norman da abokan aikinsa na Samaru suka zauna da manoman ƙauyukan Zariya da na Sakkwato, suka auna abin da manomi ke samu da irin asarar da yake gudu, sannan aka yarda cewa haɗin nan dabara ce ta wanda ya san damina ba ta da alkawari. Ma'aunin bai canja ba, abin da aka ga ya cancanci a auna ne ya canja. Haka Polly Hill ta nuna cewa matan kulle na gudanar da ciniki mai yawa daga cikin gida ta hannun yara, alhali ƙididdigar da ke ɗaukar kasuwa da ofis kaɗai a matsayin wurin aiki tana rubuta su marasa sana'a. Wani lokaci kuskuren kan ci rayuka. Da aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala a 1978, lissafin ya fi karkata ga amfanin da noman rani zai kawo, bai ba noman fadama na mutanen da ke ƙasa da madatsar nauyin da ya kamata ba, su da ambaliyar shekara-shekara ce ke ciyar da shinkafarsu da kifinsu. Rikicin ƙasa da diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980.

Ba ina cewa kowane ra'i daidai yake da ɗan'uwansa ba. Ra'in fifikon jinsi ya faɗi ne domin hujja ta kayar da shi, kuma gwajin magani a asibiti ba al'adar Turawa ba ce da za a yar. Abin da nake ƙi shi ne yadda babin ra'i a kundin digiri ya zama ado. Ɗalibi ya ɗauko ra'in da aka gina a kan ma'aikatan masana'antar Amurka, ya kwafe shafi uku, ya ɗora shi a kan masu dukanci da 'yan kasuwar Sakkwato, bai tambayi ko mutumin da ra'in ya zana shi ne mutumin da ke gabansa ba. Wani kuma ya juya baya ga duk abin da ya fito daga waje, ya maye gurbinsa da yabon magabata, wanda shi ma ba bincike ba ne.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana gari ɗaya da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, kuma malaman zaure masu karantar da usulu da manɗiƙi ba su ƙare a unguwanni ba. Kirana ga malamai masu duba kundi shi ne, kafin su sa hannu a kan babin farko, su sa ɗalibi ya rubuta a shafi ɗaya, da kalmominsa, abin da ya ɗauka gaskiya ne ba tare da ya gwada ba, da kuma mutanen da hanyar bincikensa ba za ta iya jin muryarsu ba.