Rajistar Talakawa: Ta Wace Hanya Suna Ke Shiga?

Tun da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya kafa Ma'aikatar Jinƙai a watan Agustan 2019, ya ɗora Sadiya Umar Faruk a kanta, tambayar da ake ji a ƙauyuka ba ta canja ba: “An sa sunanka?” Kuɗin tallafin da ma'aikatar ke raba wa gidaje, daga rajistar talakawa ake ɗauko sunayen.

Ga yadda aka tsara aikin. Ana fara zaɓen ƙananan hukumomin da talauci ya fi yi wa katutu a kowace jiha. Jami'ai su shiga gari su tara maza daban, mata daban, matasa daban. Kowane rukuni ya faɗi abin da yake kira talauci a wurinsa, sannan ya ambaci gidajen da ke cikinsa. A wani garin, talaka shi ne wanda rumbunsa ke ƙarewa tun kafin damina ta kankama, a wani kuma, bazawarar da ke riƙe da marayu tana surfe. Bayan an daidaita sunayen, masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida: rufin kwano ne ko na ciyawa, ruwan rijiya ake sha ko na rafi, yara nawa ke makaranta. A ganina tsarin yana da hikima, domin maƙwabci ya fi jami'in Abuja sanin gidan da ba a hura wuta jiya ba.

Matsalar tana gaba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke fama da talauci ta fuskoki da dama, kusan kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa, kuma Sakkwato ce kan gaba. Naira 5,000 a wata da aka riƙa bai wa gida ɗaya a zamanin Buhari, tsadar kaya ta cinye ta. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, gwamnatin Bola Tinubu ta yi alkawarin Naira 25,000 a wata, na tsawon wata uku, ga gidaje miliyan 15. Ba a yi nisa ba, a Janairun 2024, aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan zargin neman tura sama da Naira miliyan 585 zuwa asusun wata ma'aikaciya, rabon ya tsaya cak.

Da aka dawo da rabon, sai aka ɗaure sharaɗi: sai mai lambar NIN ko BVN da asusun da za a tura kuɗin. Manufar toshe kafar sunayen bogi ce, kuma ana bukatar hakan. Amma wa ya fi rasa NIN? Tsohuwar da ke ƙauyen da ba banki, ba sabis ɗin waya, wadda kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ya fi ƙarfinta. Haka ɗan gudun hijirar Zamfara ko Borno da ya bar takardunsa a gidan da aka ƙone, kuma garin da aka rubuta sunansa ya watse. Kamata ya yi ma'aikatar da hukumar NIMC mai bayar da NIN su ɗauki na'urorin rajista su kai su mazaɓu, ranar kasuwa, su kuma riƙa sabunta sunayen, a cire wanda ya rasu, a saka gidan da ambaliya ta tsiyata bana.