Jakar Hannun Alhaji Da Ragayar Jirgin Sama

Ko wace shekara maniyyata daga Zakirai da sauran ƙauyukan Gabasawa sukan ɗunguma zuwa Kano su hau jirgi a filin Malam Aminu Kano. Tafiya ba ta cika kawo rigima ba. A wajen komowa ne gardama kan tashi, sa'ad da aka ɗora jakar hannu bisa sikeli. Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta saba ƙayyade wannan jaka a kilo 8. Alhaji kuwa ga dabino, ga dardumai, ga carbi na tsarabar dangi, sai ya ɗauka ƙeta ce kurum ta ma'aikata.

To, jama'a, mu dubi inda ake ajiye jakar. Akwatunan da ke bisa kawunan fasinjoji tamkar ragaya suke a ɗakin mace, watau rataye suke, ba su da gindi a ƙasa. Ko wanne an rubuta a jikinsa iyakar nauyin da zai ɗauka, kuma mutane da dama ke tarayya a guda ɗaya.

Nauyin da sikeli ya nuna na jaka ce a zaune lafiya. Wanda ya taɓa shiga bayan akori-kura ran kasuwa, direba ya taka birki ba zato, ya san yadda buhun gero kan taso wa mutum kamar an jefo shi. Haka abin yake a sama, har ya fi. Saboda haka dokar ƙera manyan jirage a Amurka da Turai ta ce lalle akwatin ya riƙe kayansa ko da sun fizgo gaba da ƙarfin da ya ninka nauyinsu sau 9, in an yi saukar gaggawa. Ɗan makaranta ma ya iya wannan lissafi: kilo 8 sau 9 ya zama 72, kusan buhun siminti ɗaya da rabi. In jakar ta kai kilo 15, an tashi 135 ke nan.

Wani zai ce ai maƙera sukan bar rara. Gaskiya ne. Sukan auna mafi tsananin wahalar da jirgi zai sha a cikin iska, sa'an nan su ƙara rabinta a kai. Amma an bar rarar nan ne domin tsufan ƙarfe da ranar da iska ta wuce zato, ba domin tsaraba ba. Ran 21 ga Mayu, 2024, wani jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa cikin mummunar iska, mutum ɗaya ya rasu, da yawa suka jikkata, sai a Bankok ya sauka.

Ni a ganina marfin ya fi akwatin ban tsoro. In an danna kaya har sakatarsa ta kama da ƙyar, jijjiga kaɗan ta isa ta buɗe shi, jakar kuwa kan wanda ke zaune bakin hanya za ta faɗo, sau da yawa tsoho ne da ba ma shi ya sa ta ba. Mai kaya masu nauyi ya tura su ƙarƙashin kujerar da ke gabansa, ko ya ba da su a sa cikin manyan kaya tun kafin a hau.