Sabuwar waya a tsohuwar riga: yadda ake farfaɗo da rediyon kakanni

A 1957, lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, yawancin rediyoyin da ke gidaje manyan akwatuna ne masu aiki da bawul, wato wasu ƙananan kwalabe da sai sun ɗauki zafi kafin murya ta fito. Har yanzu akan ci karo da irinsu, ƙirar Philips ko Bush ko Pye, jibge a ɗakin ajiya. Mu matasa mukan yi ɗokin jona su da wuta mu ji ko suna da rai. To, kada mu kuskura.

Dalili kuwa shi ne waya. Kafin robar PVC ta yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ana rufe waya ne da robar itace, sau da yawa a saƙa mata rigar zaren auduga. Shekaru da zafi sukan busar da robar har ta farfashe kamar ƙanzo, tagulla ta fito tsirara. Wayoyi biyu suka haɗu, sai gobara. Ga shi kuma wutar da ke yawo cikin irin wannan rediyo takan kai bolt 250, kuma kafasita takan riƙe ta ko bayan an cire filogi.

Dole ke nan a sauya wayar. Amma idan aka cusa ta zamani mai sheƙi, rediyon ya zama tsoho da hular yara, kuma darajarsa ta faɗi wurin masu tara kayan tarihi. Shi ya sa masu gyara suke da dabaru. Akwai wayar da ake ƙerawa musamman, cikinta PVC, bayanta saƙar auduga. Wanda bai samu ba yakan nemi igiyar takalmi ta auduga mai rami, ya zura sabuwar waya a ciki. Idan farinta ya yi yawa, sai a jiƙa igiyar a ruwan shayi, a bari ta bushe sarai kafin a zura wayar, ta koma launin ƙasa-ƙasa irin na tsufa. Haka ake yi wa kafasitar takarda: a narkar da kakinta, a zare tsohon ciki, a ɓoye sabuwa a kwalin, a sake toshewa da kaki.

Ƙwararru sukan ɗauki hoto kafin su taɓa komai, su sauya waya ɗaya bayan ɗaya, kowace ta bi tsohuwar hanyarta da launinta da kaurinta. Wannan ya wuce ado, domin karkatar da wata wayar kan jawo gurnani a lasifika.

Sai dai igiyar da ke zuwa soket ba a yi mata wasan shayi. Ita kam a sa mai inganci. A kuma duba bayan akwatin, domin rediyon Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, wutarmu kuwa 230.

Saura amana. Wanda ya sauya waya ya rubuta abin da ya yi a takarda ya ajiye tare da rediyon, kada a sayar wa wani da sunan ba a taɓa shi ba.

Idan akwai irin wannan akwati a gidanku, ku share masa ƙura, ku ɗauki hotonsa, ku kai wa ƙwararren mai gyara, ku roƙe shi ya bar ku ku zauna ku kalla.