Waken Suya da Ciwon Daji: Abinci Ne, Ba Magani Ba

Awarar da ake soyawa a bakin titi a barbaɗa mata yaji tana ɗauke da wasu sinadarai da masana ke kira ayisofilabon, waɗanda waken suya ya fi sauran abincinmu yawansu. Fitaccen cikinsu shi ne jenistin. Tun a 1987 masu bincike a Japan suka gano yana toshe wani sinadarin da ƙwayoyin ciwon daji ke dogara da shi wajen hayayyafa. Yana kuma rage ɓarnar da burbushin iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin jiki, irin cin da tsatsa ke yi wa ƙarfe. Sai dai yawancin wannan a kwalabar ɗakin gwaji aka gani, kuma jikin mutum ba kwalaba ba ne.

Hujja mafi ƙarfi daga mutane ta fito. A 2009 aka wallafa binciken da ya bibiyi mata 5,042 masu sankarar mama a birnin Shanghai na ƙasar Sin, aka ga waɗanda suka fi cin abincin waken suya sun fi ƙarancin mutuwa da dawowar cutar. Amma wake suke ci da awara da madararsa, galibi tun ƙuruciya, ba ƙwaya suke haɗiya ba. Binciken ma lura ce kawai, bai tabbatar da cewa waken shi kaɗai ya yi aikin ba.

Wani zai ce ai sinadaran sun yi kama da istirojin, sinadarin jikin mace da ke ciyar da wasu nau'o'in sankarar mama, don haka a guje su. Tsoron ba na banza ba ne. A shekarun 1940 tumaki a Ostareliya sun daina haihuwa saboda kiwon wata ciyawa mai irin waɗannan sinadarai, an kuma ga jenistin ya girmar da ƙari a jikin ɓeraye. To amma ɓera ba ya sarrafa sinadarin yadda mutum ke yi, tumakin kuwa wuni suke suna cin ciyawar. Ko tsakanin mutane amfanin ya bambanta, domin ba kowa ne hanjinsa ke da ƙwayoyin halittar da ke juya wasu daga cikin sinadaran su ƙara ƙarfi ba.

Saboda haka duk mai tallan ƙwayar waken suya da sunan maganin daji, kuɗinki yake so. Ki ci awararki hankali kwance. Idan kuma kin ji ƙullutu a mama, ki tafi asibiti tun bai girma ba.