Shin Ko Kun San? Ƙarfen da Ke Ƙara Tauri Yana Ajiye

Shin ko kun san akwai ƙarfen da za a ajiye shi, babu wuta babu guduma, bayan 'yan kwanaki a tarar ya ƙara tauri? Wani Bajamushe, Alfred Wilm, shi ya gano haka a 1906 kusa da birnin Balin. Ya haɗa alminiyum da jan ƙarfe wajen kashi 4 cikin ɗari da ɗan maganiziyum, ya gasa har kusan digiri 500, ya tsoma a ruwa. Wannan haɗi ne aka sa wa suna Duralumin, aka ƙera jiragen sama na Zeppelin da shi.

To, me ke faruwa a ciki? Da zafi, ƙwayoyin zarra na jan ƙarfe suna warwatse cikin alminiyum. Sanyin farat ɗaya sai ya ritsa su a inda suke, alhali sun fi ƙarfin abin da alminiyum mai sanyi ke iya riƙewa. Sannu a hankali sai su riƙa lallaɓawa suna taruwa, su zama 'yan faya-fayai masu kaurin zarra ɗaya tak, faɗinsu wajen nanomita 10.

Nan ne abin ya fi burge ni. Ƙarfe na lanƙwasa ne idan sahun zarra ya zame kan wani sahu, kuma zamewar ba ta faruwa gaba ɗaya: wani layin tawaya ne ke ratsawa kaɗan-kaɗan. Faya-fayan nan su ke tare masa hanya, kamar igiyar da ake ja a gona mai kututture. Ko ya yanke su, ko ya lanƙwashe ya bi tsakaninsu, kowanne sai da ƙarin ƙarfi.

Sai a 1938 André Guinier a Faransa da George Preston a Ingila, kowa da nasa binciken, suka gano faya-fayan nan ta hasken eksire.

Idan aka sake ɗumama ƙarfen bayan ya huce, ɗumin ya wuce kima fa, sai tarin su yi girma, tazararsu ta buɗe, ƙarfen ya sake laushi.

Shin ko kun san injin jirgin saman 'yan uwan Wright na 1903 ma yana da irin faya-fayan nan? Binciken da aka wallafa a 1994 ne ya nuna haka.

Kuma har yau akwai ƙusoshin haɗa jikin jirgin sama da ake ɓoyewa a firiza, don sanyi na hana ƙwayoyin zarra motsi. Da an fito da su, sai a hanzarta bugawa kafin su taurare.