Shin sinadaran da ake ƙarawa a ruwan lagireto suna rage zafin injin mota?

Titin Wendover Avenue da ke birnin Greensboro a jihar North Carolina ta Amurka ya shahara da jerin dillalan motoci da manyan kantuna. A watan Yuli, lokacin da zafi kan haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, direban da ya maƙale a cunkoson titin da na'urar sanyaya mota a kunne yakan riƙa satar kallon allurar zafin inji.

Birnin na da ɗimbin 'yan Jamhuriyar Nijar da sauran 'yan Afirka ta Yamma, kuma motocin hannu irin waɗanda ake sayarwa a Amurka su ne ke bi ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome da Legas su ƙare a titunan Maraɗi da Kano da Sakkwato, inda zafin watan Afrilu ke zarce digiri 40.

A shagunan kayan gyaran mota ana sayar da wasu ƙananan kwalabe, irin su WaterWetter na kamfanin Red Line da Purple Ice na Royal Purple, waɗanda ake zubawa a lagireto. Masu yin irin waɗannan sinadarai na iƙirarin cewa suna iya sauke zafin inji da kusan digiri 10 ko fiye. Tambayar ita ce: a wace mota, kuma a wane hali?

Yadda inji ke fitar da zafi

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa yana zama zafi ne da dole ruwa ya kwashe. Famfon ruwa yana tura shi cikin jikin injin, ya ɗebo zafin, ya kai shi lagireto inda iska da fanka ke huce shi.

Ruwan da kamfanonin mota suka fi ba da shawarar amfani da shi gauraye ne: rabi tataccen ruwa, rabi sinadarin gilaikol. Wannan haɗin ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 37 ƙasa da sifili. Idan kuma murfin lagireto na riƙe da matsin da ya kamata, ba ya tafasa sai zafi ya doshi digiri 129. Yana kuma ɗauke da magungunan hana tsatsa.

Sai dai gilaikol yana da nasa aibin. Tsagwaron ruwa ya fi shi ɗaukar zafi nesa ba kusa ba, domin abin da gilaikol ke iya ɗauka bai wuce rabin na ruwa da kaɗan ba.

Abin da sinadarin ke yi

Babban aikin waɗannan kwalabe shi ne sa ruwa ya kwanta sosai a jikin ƙarfe, kamar yadda sabulu ke sa ruwa ya ratsa tufafi. A wuraren da suka fi zafi a saman silinda, ƙananan kumfa na tururi kan taru su shiga tsakanin ruwa da ƙarfe, kuma tururi ba ya ɗaukar zafi kamar ruwa. Sinadarin yana rage girman kumfan, sai ruwa ya ci gaba da taɓa ƙarfen.

Inda aka fi cin moriyar hakan shi ne fagen tseren motoci, wanda North Carolina ta yi suna a kansa: garin Level Cross, mahaifar shahararren ɗan tseren NASCAR Richard Petty, yana kudu da Greensboro kaɗan. Filayen tsere da dama sun hana amfani da gilaikol saboda santsinsa idan ya zube a kan kwalta. Don haka 'yan tsere kan yi amfani da tsagwaron ruwa, su ƙara sinadarin domin ya hana tsatsa, ya kuma taimaka wajen kwashe zafi.

Manyan alƙaluman da ake gani a tallace-tallace sun fi alaƙa da irin wannan yanayi. Idan aka zubar da haɗin rabi da rabi aka koma ruwa zalla tare da sinadarin, kaso mai yawa na sauƙin da aka samu daga ruwan ya fito. A motar da ke da haɗin gilaikol kuwa, bambancin yakan zama ɗan kaɗan.

Me ya sa allura ba ta sauka?

A mota mai lafiya, wata 'yar na'ura da ake kira tamostat ce ke yanke hukuncin zafin inji. Tana toshe hanyar ruwa zuwa lagireto har sai injin ya ɗumama, sannan ta buɗe, galibi tsakanin digiri 82 zuwa 95. Idan ruwan ya ƙara ƙwarewa wajen kwashe zafi, sai ta ɗan tsuke hanyar, zafin ya tsaya inda yake.

Haka aka tsara shi da gangan. Injin da bai kai zafinsa ba ya fi shan mai, ya fi fitar da hayaƙi, kuma ƙarafansa sun fi saurin cinyewa. Sinadarin zai iya yin tasiri ne kawai idan tamostat ta buɗe gaba ɗaya amma zafin na ci gaba da hawa, misali ga motar da ke jan kaya masu nauyi a hawan tudu cikin tsananin rana.

Idan kuwa mota tana ɗaukar zafi a tuƙin yau da kullum, to akwai cuta a wani wuri: yoyon tiyo, toshewar lagireto, fankar da ta daina juyawa, famfon ruwan da ya gaji, tamostat da ta maƙale ko murfin da ya saki. Kwalba ba ta gyara ko ɗaya daga ciki. Jinkirta zuwa wurin bakanike na iya kai wa ga ƙonewar gasket ko lanƙwashewar saman silinda, gyaran da kuɗinsa ya ninka na kwalbar sau da yawa.

Greensboro da ƙasar Hausa

Mazauna Greensboro ba su da damar komawa ruwa zalla duk shekara, domin a watan Janairu sanyin dare yakan sauka ƙasa da sifili, kuma sinadarin ba ya hana daskarewa. Ruwan da ya zama ƙanƙara yana kumbura, har ya iya fasa lagireto ko jikin injin.

A ƙasar Hausa ruwa ba ya daskarewa, amma matsalar wata ce dabam. Direbobi da yawa ruwan rijiya ko na burtsatse suke ɗurawa, wanda ma'adinan cikinsa ke barin farin ɓawo irin na cikin butar shayi, ya toshe ƙananan bututun lagireto, sannan tsatsa ta biyo baya. Wasu kanikawa kuma kan cire tamostat da zarar mota ta iso, bisa tunanin cewa don ƙasashen sanyi aka yi ta. Hakan yana ɓoye alamar cutar ne kawai, ya bar injin yana aiki ba a zafin da aka ƙera shi ba.

Abin da ya fi amfani shi ne a duba yawan ruwan da safe kafin a tayar da mota, a yi amfani da irin ruwan da littafin motar ya ambata tare da tataccen ruwa, a canza shi kan lokaci, kuma a wanke ƙurar hunturu da ke lulluɓe fuskar lagireto. Kada a buɗe murfin yayin da inji ke da zafi, domin ruwan na iya fesowa ya ƙona fuska. Gilaikol kuma guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, don haka a ajiye shi nesa da yara da dabbobi.

Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa, kuma motarsa ke aikin wahala a cikin zafi, zai iya samun ɗan ƙarin sauƙi daga sinadarin, muddin ya tabbatar ya dace da ruwan da ke cikin motar. Wanda allurarsa ta riga ta doshi ja kuwa, kuɗin kwalbar gara ya kai su gareji.